Ƙanƙarar da Ba Ta Jiƙa Buhu

Ba na jin daɗin yadda ake yawo da sunana a gari. A bakin rijiya, a gidan suna, har a ajin manya inda nake zuwa koyon karatu, zancen ɗaya ne: wai Hansai ta je Kwatano sayen inji ta dawo da buhu babu komai a ciki. Haka aka yi. Buhu na dawo da shi, kuma ban ga wanda zan ba haƙuri ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a cikin masu dariyar nan babu wanda ya buɗe baki ranar da injin matsar gyaɗa ya cinye wa Ladidi yatsu biyu. Ran nan cewa suka yi ƙaddara ce, suka yi mata sannu, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa.

Su kuwa masu tambayata tsakani da Allah, matan ƙungiyarmu da 'yan ajinmu da kullum sai sun ce, "Yaya Hansai, wai yaya can ɗin yake?", na gaji da gutsura musu labarin. Ga shi na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta kai ga iyawa ba.

Saboda wanda ba ɗan garinmu ba, bari in fara daga tushe. Ƙauyenmu yana kusa da Rimin Gado. Mu mata muna da ƙungiya, muna kuma da injin matsar man gyaɗa a wata rumfar kwano a bayan gari. A shekarun nan da man fetur ya yi tsada, kwanon masara ya gagari talaka, har aka koma dafa tsakin shinkafar da a da kaji ake watsa wa, injin nan shi ya riƙe gidaje da yawa. Amma yana da hali guda. Idan an gama matsa, tunkuza takan manne a cikinsa, in ta huce sai ta daskare kamar siminti. Ba a wanke shi da ruwa, don tsatsa za ta kama shi, ragowar tunkuzar ta yi fumfuna, man gaba ya fito da wari. Saboda haka tun da aka kawo shi hanya ɗaya muka sani: a kankare shi da zafinsa, da tsohuwar wuƙa, yana juyawa a hankali don ya riƙa turo abin da aka kankaro. Kowace mace da ranarta, kuma wadda ta kankare ita ke kwashe tunkuzar da ta fito ta yi ƙuli. Ranar Ladidi ce wuƙar ta suɓuce, ta bi ta da hannu. Ladidi ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Mijinta ya rasu, ita ke ci da 'ya'yanta.

'Yata Rabi, da ke aure a Rijiyar Zaki, ita ta nuna mini abin a wayarta lokacin da muke jinyar Ladidi a asibiti. Wani mutum ne riƙe da tiyo, yana tsaye nesa da wani ƙazamin inji, farin hayaƙi na fita, datti na tashi kamar ana sheƙe hatsi. Babu ruwa, babu wuƙa, babu hannu a ciki. Rabi ta ce busasshiyar ƙanƙara ake fesawa da ƙarfin iska. Na sa ta yi ta maimaita mini har cajinta ya ƙare. Na bi masu sayar da injuna a Kano, wasu suka yi mini kallon mai taɓin hankali, ɗaya ya ce ya taɓa jin wata mata a Kwatano tana kawo na hannu daga Turai, ya nemo mini kwatance. Na tara matan ƙungiya na ce abin da muke tarawa don sayen inji na biyu, a ba ni in sayo wannan. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma hannun Ladidi yana naɗe a gabansu, suka yarda.

Ƙanena Isuhu ne ya raka ni, shi ne mai gyara mana injin idan ya ƙi tashi. Mutum ne da in ka ce masa ɗaki ya kama da wuta sai ya ce bari ya ƙarasa kununsa. Allah ya haɗa ni tafiya da shi ne don ya jarraba haƙurina.

Mun hau bas a Kano, an cusa mu kamar buhunan albasa. Kafin a tashi wani dattijo ya ja addu'a, kowa ya shafa da gaske, domin hanya a shekarun nan ba abin wasa ba ce. Na ɗauko wa mai masaukinmu tsarabar man gyaɗa galan guda, na injinmu, na ba Isuhu ya riƙe. Ashe tun kafin Zariya murfin ya kwance. Bai ce komai ba. Sai da muka wuce Kaduna na ji ƙamshi ya cika mota, na duba, na ga farar shaddarsa guda ɗaya tal, wadda yake zuwa Idi da ita, ta sha mai tun daga cinya har gwiwa.

"Isuhu! Tun yaushe?"

"Tun ɗazu, Yaya. Na ga kina gyangyaɗi."

Wata Bayarabiya 'yar kasuwa da ke gefena, wadda ta yi shekaru a Kano har Hausa ta zauna a bakinta, ta ce, "Malam, kada ka sauka a Lakwaja, masu suyar kifi za su jefa ka a kasko." Mota ta ɗauki dariya. Daga nan har Legas sunansa Mai Ƙuli.

Ita matar ce ta fara tambayata abin da zan je yi. Da na gaya mata sai ta ja hannun rigarta ta nuna mini tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Suyar garin rogo ce, tun tana yarinya. Ta ce, "Yaya, ko'ina aikin da ke cin jiki mata ake bar wa." Ni da na ɗauka wahalar nan tamu ce mu 'yan Arewa, sai na ga duk inda mota ta tsaya mata ne ke rugowa da faranti a ka, idanunsu irin namu, sun zurma. Ayaba suke miƙowa maimakon gyaɗa, bambancin ke nan.

Legas ba zan ce na gan ta ba, wucewa na yi ta cikinta ina dafe da ƙuguna, inda na ɗaure kuɗin ƙungiya. Abin da na lura shi ne ba a gaisuwa. A tashar da ake hawa motar iyaka na zauna kusa da wata dattijuwa, na gaishe ta yadda aka koya mini, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Ta dube ni, ta janye jakarta ta rungume. Ko Hausar ce ba ta ji ba, oho. Na ji zafi a raina, amma daga baya na yi tunani: garin da mutane suka fi tururuwa yawa, in ka ce za ka gaida kowa, ranar ba za ka ci abinci ba. Mu da muke gaisuwa har da tambayar lafiyar akuya, ai lokaci ne muke da shi.

A Seme, wato bakin iyaka, aka sauke mu aka ce kowa ya shiga da ƙafarsa. Wani jami'i ya duba takardunmu, ya dubi hijabina da takalmina na roba, ya turo mini tawadar dangwale. Na tura masa abarsa na ce ya ba ni biro. Na rubuta sunana harafi-harafi, layi na jirana a baya, ban damu ba. Sai da na yi jikoki na fara riƙe alƙalamin boko, ban koya don in je ƙasar wasu in dangwala ba. Ya karanta, ya yi murmushi, ya sara mini. Isuhu kuwa, da ya yi firamare tun yana yaro, dangwalawa ya yi, wai hannunsa da maiƙo kada ya ɓata musu biro.

Mai canjin da ya sauya mana naira zuwa sefa, da ya ji Hausarmu sai ya ce, "Daga wane ɓangare na Kano?" Ashe mutumin Shanono ne. Bai tambaye mu labarin kowa ba, damina kawai yake tambaya. An yi shuka da wuri? Gero ya fitar da kai? Ya ce gonarsa tana nan, taki ne ya fi ƙarfinsa, shi ya sa yake zaune ƙarƙashin lema kusa da teku yana juya kuɗin wasu. Ya saya mana ruwan kwakwa, ya ƙi yarda mu biya. Har muka shiga mota yana tsaye yana kallonmu kamar mu ne gonar.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓansu duk riga iri ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, sun cika titi kamar fara. Abin da ya bar ni baki buɗe shi ne mata: mace da goyo a baya, kwandon kifi a gaba, ita ke tuƙa babur ɗinta, babu mai waiwayenta. Isuhu ya ce a'uzubillahi. Na ce, "Kai da ka iya, sau nawa ka kayar da ni a hanyar Rimin Gado?"

Mun sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan Hajiya Mariya, 'yar'uwar maƙwabciyar Rabi. A can aka haife ta, kakanta ne ya je fatauci ya zauna. Tana jin Hausa da Faransanci da yaren garin, wani lokaci duk ukun take haɗawa a magana guda. Ta karɓi abin da ya rage a galan da hannu biyu, ta shinshina, ta ce rabonta da man da ke ƙamshin gyaɗa tun kakarta na raye. Ta kawo mana abin da suke kira akasa, kamar koko ne aka dama ya daskare, mai tsami-tsami, a ci da soyayyen kifi da ɗanyen barkono niƙaƙƙe. Babu miya mai yauƙi, babu daddawa. Da safe kuma wani dogon burodi mai tauri, wanda in ka ga dama ka kori kare da shi. Na ci, na gode, amma cikina bai yarda an ci abinci ba.

Hajiya Mariya ta ce mu yi sammako zuwa wurin mai injin. Ni kuma na tsaya wankin shaddar Isuhu, ba mu isa ba sai da rana ta take. Muka tarar da ƙofa a rufe. Ba rasuwa aka yi ba, ba kuma Juma'a ba ce. Al'adarsu ke nan: rana ta yi tsaka kowa ya rufe ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai can bayan azahar a dawo. Na yi ta faɗa a bakin ƙofa, na ce wannan wace irin ƙasa ce, mai ciniki ya taso tun daga Kano mai kaya yana barci?

Hajiya Mariya ta ce, "Ke Hansai, zauna. Ku da ba kwa hutawa, kun fi su ƙiba ne?"

Na zauna a inuwa. Muka jira har aka buɗe ƙofa.

Sunan matar Madam Selestin. Doguwa ce kakkaura, gashinta a aske kamar na namiji, tabarau a rataye a wuya. Filinta cike yake da tsofaffin injunan gidan burodi da na ɗab'i. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, Hajiya Mariya ce a tsakani. Ta sa aka turo injin. Na zaci zan ga wani dodo, ashe bai fi ƙaramin firji ba, a kan tayoyi, da mazurari a sama inda ake zuba ƙanƙarar. Tiyo biyu gare shi, ɗaya na zuwa daga injin iska irin na masu faci amma babba, ɗaya kuma shi ne na feshi. Aka buɗe wani akwati mai kauri, sai ga ƙanƙarar, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar shinkafar tuwo, tana hayaƙi. Kafin a hana ni na damƙa. Wallahi ba sanyi na ji ba, wuta na ji. Na watsar ina yarfe hannu. Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta miƙo mini safar hannu da abin toshe kunne.

Aka jawo wani injin kwaɓa fulawa da ƙullu ya bushe a jikinsa ya yi baƙi. Ma'aikacinta ya fara, na ce a ba ni. Ta ɗaga kafaɗa ta ce a ba ni. Tiyon ya yi mini tutsu kamar ɗan maraƙi, ƙara kamar jirgi zai tashi, na dafe. Duk inda na nuna, dattin ya ɓare ya faɗi, ƙarfe ya fito fes, a bushe. Ƙanƙarar kuwa ko alamarta babu, dattin kawai ke ƙasa a share. Injin kwaɓar a kashe yake, kuma tsakanin hannuna da shi ya fi kamu biyu. Ina feshin ina ganin Ladidi a bayan a-kori-kurar da ta kai ta asibiti, tana cewa a nemo mata yatsun kada kaji su ɗauka. Da na ajiye tiyon fuskata a jiƙe take. Na ce musu hayaƙin ne.

Na ce wa Hajiya Mariya, "Gaya mata na saya. Ta faɗi kuɗinta mu yi ciniki."

Madam ba ta faɗi kuɗi ba. Ta saka tabarau, ta jawo kujera, ta fara yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ina ne garin? Akwai wutar lantarki? Na ce tana zuwa in ta ga dama. Ta ce wannan da sauƙi, akwai injin iska mai shan dizal. Sannan ta ce, a ina za mu riƙa samun ƙanƙarar?

Dariya ta kama ni. Ni za a tambaya ƙanƙara? Duk azumi ni ke ɗauko ta daga Rijiyar Zaki, in sa a buhu, in lulluɓe da ƙaiƙayin shinkafa, in kai ƙauye in sayar har bayan shan ruwa, wani lokaci ma ta kwana. Na ce a gaya mata, in a Kano babu irin wannan, daga nan ma sai in riƙa aikowa ana kawo mini, direbobi kullum suna hanya.

Ta girgiza kai. Ta ce wannan ba ruwa ba ce. Iskar nan ce ta cikin lemon kwalba, mai sa gyatsa, ita aka matse ta daskare. Ba ta narkewa, komawa iska take yi, kuma firji ba ya riƙe ta. Ita kanta sai ranar da za ta yi aiki ake kawo mata daga wata masana'anta da ke kusa. Ta ce ba za ta sayar mini ba.

Na miƙe tsaye. A kasuwarmu in ka je sayen jaki, ko gurgu ne mai shi zai rantse maka tsere yake yi. Ban taɓa ganin mai kaya ya kori mai saye ba. Na ce, "Hajiya, gaya mata kada ta ga hijabi da takalmin roba ta raina ni. Ba roƙo na zo ba."

"Haba Hansai, ni ba zan faɗa mata haka ba."

"Faɗa mata yadda na faɗa, kada ki sa masa suga."

Ta faɗa. Madam ta saurara har ƙarshe, ba ta ɓata rai ba. Ta ce ta sha sayar wa mutane abin da ta san turken akuya zai zama, ba ta damu ba, domin da dukiyar kamfani suke saye. Amma wadda ta yi kuka a kan tiyo ba dukiyar kamfani ta zo da ita ba. Sai ta ce ga sharaɗi: za ta cika mini buhu kyauta, in naɗe duk yadda na iya. In cikin tafin hannu ɗaya ya isa garinmu, in kira ta, za ta ɗora mini injin a mota. Abu biyu ta gargaɗe ni: kada in toshe ta a abin da iska ba ta fita, zai fashe, kada kuma ta shiga inda mutane ke zaune a rufe, tana shaƙe numfashi.

Na ce na yarda. A raina na ce, za ki ga aikin 'yar Kano.

Babu ƙaiƙayi a Kwatano, sai muka samo dusar katako wurin wani kafinta. Ranar komawa da sassafe muka je muka karɓi ƙanƙarar. Na ɗaure ta a buhu, na saka a buhu na biyu, na cika tsakaninsu da dusa, na naɗe da bargon da Hajiya Mariya ta sadaukar. Ban taɓa yi wa ƙanƙara gata irin wannan ba. Isuhu ya ɗaga ya ce nauyinta ya kai na tunkiya.

A iyaka aka sauke kaya. Buhuna na ajiye a ƙasa, farin hayaƙi na silalowa daga bakinsa yana bin ƙasa kamar maciji. Wata mata ta kurma ihu wai wuta, mutane suka dare. Jami'ai suka zo suka kewaye mu. Isuhu ya ɗaga hannu sama tun ba a ce ya ɗaga ba.

"Mama, mene ne wannan?" in ji wani mai jin Hausa a cikinsu.

"Ƙanƙara ce."

"Ƙanƙara da hayaƙi?"

Na kwance, na ɗebo kaɗan da cokali na zuba a kofin ruwan da ke kan teburinsa. Ruwan ya hau tafasa, hayaƙi na tumbatsa. Sai ga manya-manyan mutane da kaki sun koma yara, wannan ya kawo kofinsa, wancan ya kira abokinsa, ana ɗauka a waya. Ni kuwa kowane cokali ji nake kamar daga jikina ake yanka. Da ƙyar na ɗaure bakin buhuna muka wuce.

A Legas na sa aka ɗaure shi a bayan bas, a waje, kan kaya. Da muka tsaya salla a Ibadan na je na ɗaga, sai na ji ya yi sauƙi. Na ce ai masu kofin nan ne suka cinye mini. Na ƙara tamke bargon. Daga nan duk ramin da mota ta faɗa sai na waiwaya. Da gari ya waye muna Lakwaja. Kowa ya nufi masu kifi, ni na nufi bayan mota. Na kwance bargo, na kwance buhun waje, na kwance na ciki, na tura hannu har kafaɗa. Babu komai, sai ɗan sanyi-sanyi kamar gindin randa. Na zazzage dusar a ƙasa ina tonawa da yatsa. Ko ƙwaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne buhun a bushe yake ƙamas. Ƙanƙarar da na sani in ta tafi takan bar ruwa, ka san ta yi zama. Wannan ko sallama.

Isuhu ya zo da kifi a takarda ya tsaya a kaina. Na jira ya faɗi wani abu in huce a kansa. Sai ya tsuguna ya taya ni kakkaɓe buhun, ya ce, "Yaya, da saura fa. Ko Abuja ba mu kai ba."

Na zauna a kan wani dutse ina kallon kogi. Tunanin da na yi shi ne, da matar nan irin masu jakin kasuwarmu ce, da yanzu ina tafe da inji ana shirin yi mini guɗa. In kai shi rumfa in rufe da tabarma, ya zauna yana jiran abincin da ba zai taɓa isowa ba. Guminmu ya tafi, hannun mata kuma ya koma inda yake. Sanin ƙanƙara da nake taƙama da shi gaskiya ne, amma na wata ƙanƙarar ne. Kuma har yau ina mamakin yadda wadda ba ta iya faɗin sunan garinmu ba, ba ma alƙiblarmu ɗaya ba, ta fi wasu na gida tsoron a cuce mu.

Na kira Hajiya Mariya na ce ta gaya wa Madam ta ci. Ba a jima ba ta kira ni da amsa. Madam ta ce ba gasa aka yi ba, kuma injin yana nan, ba ya ruɓewa. Ta ce garin da ake ɗura lemon kwalba da wuya a rasa mai harkar iskar nan, Kano kuwa ba ƙaramin gari ba ne. In bi masana'antu in tambaya ko akwai mai matse ta ta zama ƙwaya. In an samu a inda za a ɗauko da safe a yi aiki kafin azahar, in dawo. In babu, in bar wa mata abinsu.

Mun iso gida da la'asar. Tun daga bakin hanya, kafin in hango rufin gidanmu, na jiyo injin: tuk, tuk, tuk, a hankali. Duk macen ƙungiya ta san wannan bugun, na kankara ne. Ban shiga gida ba, na yanki gona da buhuna a hammata.

Ladidi ce. Tana durƙushe a gaban injin, hannun dama a naɗe da tsumma ta ɗora a cinya, wuƙa a hannun hagu, ta tura shi ciki har wuyan hannu.

Ban san lokacin da na kashe shi ba. Rumfar ta yi tsit.

"Ke Hansai, kin dawo? Ina injin?"

"Ladidi, kin haukace ne? Ɗayan ma so kike ki ba shi?"

"Ranata ce," ta ce, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "In ban kankare ba wata ce za ta kwashi tunkuzar. Da me zan yi ƙulin kasuwa? Yaran nan tun jiya rogo suke ci." Ta dubi abin da ke hammatata. "Shi ke nan abin da kika kawo?"

"Shi ke nan."

Mata suka taru. Na gaya musu komai a tsaye, na damƙa wa ma'ajiyar ƙungiya abin da aka ba ni. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce dama sun faɗa. Na ce daga yau babu mai ƙara sa hannu a injin nan yana juyawa. A bari ya mutu, a kwance cikinsa da sifana, a sassaƙe tunkuzar a sanyi ko da wuni za a yi. Suka ce wunin da za a ɓata, wa zai biya? Wata ta ce, "Kin je yawon buɗe ido, kin dawo kina kafa mana doka." Na san halinmu. Ina juya baya za a tayar da shi, ba don taurin kai ba, don yunwa.

Washegari ina idar da sallar asuba na tafi rumfa ni kaɗai. Na sa sanda na zame bel ɗin da ke haɗa injin da abin matsar, na naɗe shi na cusa a jakata. Na bar saƙo a gidan ma'ajiya cewa bel yana hannuna: ranar matsa zan kawo shi in tsaya a kai, lokacin kankara in cire. Daga nan na biya gidan Ladidi na gaya mata tunkuzar ranata ta zama tata, ni kuma Kano na nufa, zan bi ƙofar masana'antu ɗaya bayan ɗaya.

Tana tsugune tana hura wuta da hannu ɗaya. Ta dube ni, ta dubi jakar da bel ke leƙowa.

"Masu gadi za su bar ki ki shiga? Ke da bakin nan naki?"

"In sun hana ni, zan zauna a bakin ƙofar har mai wurin ya fito."

Ta janye itacen daga murhu, ta miƙe.

"Jira ni in ɗauko mayafi," ta ce. "Ke ki yi maganar. In sun ƙi ji, ni sai in kwance tsumman."

Motar farko ta Kano da mu ta tashi.